Jalo Mai Sayen Kara

Sunansa na yanka Muktar, amma in ka je kamfanin kwali na Inkil ka tambayi Muktar, sai ma'aikata su yi ta kallon juna. Ka ce Jalo mai kara, ko maigadi zai nuna maka shi. Dogo ne siriri, hularsa kullum a karkace, kuma yawanci a bakin sikeli za ka same shi yana gardama da direban a-kori-kura kan ko kayan da ya kawo sun bushe.

A ruga aka haife shi, can gabas da Bauchi. Su biyu ne maza wurin mahaifinsu, shi da yayansa Umar. Da damina garkensu yakan nausa daji don kada ya shiga shuka. Da zarar an yi girbi kuma sai su gangaro Inkil su kafa mashekari, wato zangon shanu, a gonar gidan su Malam Ɗanlarai. Wannan tsari ya girmi Jalo, ya girmi Ɗanlarai ma. Manomi ya bar karansa na dawa da na masara a tsaye, shanu su ci su kwana a wurin, su bar masa taki. In rani ya ƙare, mai gona ya haɗa wa makiyayi damin dawa na godiya. Babu wanda ya taɓa zama ya ƙulla wannan magana da wani. Kowa tasowa ya yi ya tarar ana yi.

Bayan rasuwar mahaifinsu ciwon huhu ya shiga garken, ya yi ɓarna. Abin da ya saura ba zai riƙe gida biyu ba, kuma ƙarami shi ne mai tashi. Jalo ya bar 'yan shanunsa a hannun Umar ya shigo gari. Ya yi dako a kasuwa, ya yi gadi a Shadawanka wurin masu shaguna, ya ja keke napep na wasu shekaru har ya san kowane lungu na Bauchi. Ya kama haya a unguwar Ɗan Iya, ya auri Habibatu, suka haifi Lailatu da ƙannenta. Hausarsa ta goge har sai ya yi fushi ne kake jin Fulatanci na leƙowa.

Shanun nasa ba su taɓa yawa ba. Duk sanda suka soma ƙaruwa sai wata hidima ta taso a sayar da ɗaya. Amma ba su taɓa ƙarewa ba, kuma dukkansu jinin wata karsana ce da mahaifinsa ya ba shi ranar sunansa. Da rani, in garke ya sauka Inkil, Jalo yakan ajiye aiki ran Juma'a da yamma ya tafi ya zauna cikinsu, ya shafa wannan ya duba kofaton waccan, ya koma gida da gorar nono. Habibatu takan yi masa tsiya, ta ce kuɗin man da ya ƙona ya fi nonon daraja. Shi kuwa a ransa, muddin yana da saniya a garken Umar, kuma garken yana inda zai iya zuwa ya gani, shi makiyayi ne da ya zo gari ci-rani. Wannan ci-rani kuwa ya kai shekara ashirin bai dame shi ba.

Kamfanin kwalin na wani ɗan kasuwa ne daga cikin gari, Alhaji Auwalu. Tsofaffin takardu da yagaggun kwalaye ake jiƙawa a dama kamar kunu, a matse, a busar, a fitar da sabon kwali da kiret ɗin ƙwai. Aikin yana cin lantarki, yana kuma cin zafi don busarwa. Da tsadar man dizal ta kusa rufe wurin, Alhaji ya sayo wata ƙatuwar tukunyar tururi mai cin buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa. Wuta ta tafasa ruwa, tururin ya fita da ƙarfi ya juya inji, injin ya ba da lantarki. Tururin da ya gama wannan aiki kuma ba a barinsa ya tafi banza, sai a kora shi cikin bututu ya je ya busar da kwali. Mai kula da wutar wani ne Zakka, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ba ya magana a hankali saboda ƙarar inji ta riga ta cinye masa kunne.

Jalo ya soma ne da kawo buntu a kekensa daga wurin masu casar shinkafa. Da aka ga ya san mutane, kuma ba ya haɗa kaya da yashi don su yi nauyi, aka ɗauke shi aikin nemo wa tukunya abinci. Ran da ya kama aiki Zakka ya buɗe masa ƙofar murhu ya nuna masa cikin, ja wur.

"Ka gan shi, Ɗan Fulani? Wannan shi ne saniyan ka yanzu. Bai san Sallah ba, bai san Kirsimeti ba, abinci kawai ya sani. In ya mutu, lantarki ya mutu, kwali ya jiƙe, kowa ya tafi gida."

Shekara biyu abin ya tafi daidai. Daga nan buntu ya yi daraja. Masu kiwon kaji suka soma kwasa don shimfiɗa, masu gidan burodi suka shigo, ga kuma Alhaji ya ƙara injin kwali na biyu. Tukunya ta ƙara ci, abinci ya ragu. Aka gwada karan dawa da na masara, aka daddatsa shi da inji aka haɗa da buntu, wuta ta karɓa. Zakka ya yi ƙorafin yana barin dasƙararren datti a murhu, amma ya ce gara wannan da babu. Aka ce da Jalo ya nemo kara. Da ɗan gari akan ci gari, kuma duk Inkil da kewayenta babu gonar da bai taɓa kora shanu cikinta ba.

Sai dai manoma suka ƙi sayarwa. Ba wai kuɗin ne ba su so ba. Wanda ya sayar da karansa, shanu ba za su sauka gonarsa ba, kuma abin da zai samu ba zai saya masa takin zamani ba. Jalo ya yi yawo har takalminsa ya gaji, yana dawowa da abin da bai taka kara ya karya ba.

A bayan kamfanin akwai tsibin toka, wadda ake kwashewa daga murhu kullum, har ta zama damuwa, don sai an yi hayar mota ta kai ta juji. Wata safiya Jalo ya lura da kabewar da ta fito da kanta a gindin tsibin, ganyenta shar, faffaɗa. Ya tsaya yana kallonta. Wani da ya tashi a gari zai ga kabewa ce kawai. Jalo kuwa tun yana yaro ya san abin da ke sa manomi ya rabu da karansa da daɗin rai. Ya je wurin Alhaji ya ce a daina yi wa manoma maganar ciniki. A yi musu irin ta Fulani: ku bar mana kara, mu bar muku abin da zai gyara gona. Motar da ta je ɗaukar kara ta tafi da toka ta juye.

Manomi biyu suka yarda a shekarar farko, masararsu ta yi kyau, ko don tokar ko don ruwan da aka samu, Allah masani. Shekara ta biyu mutane da kansu suke tare Jalo a hanya. Abin ya zo musu da sauƙi, don tsari ne da suka riga suka sani, fuskar mai zuwa ce kawai ta canja. Toka kuma ba ta ɓalle shinge ta shiga lambu, ba ta kuma jiran damin dawa na godiya. Alhaji ya saya wa Jalo babur, ya ƙara masa albashi, ya riƙa nuna shi ga baƙi. Jalo ya ji daɗi ƙwarai, kuma ba a ga laifinsa ba. Tunda ya shigo gari, wannan ne karo na farko da abin da ya koyo a ruga ya yi masa rana.

Gona ɗaya ce bai taɓa aika mata mota ba, ta Malam Ɗanlarai. In direba ya ce ga kara can a tsaye, sai Jalo ya ce hanyar ba ta da kyau. Yana ganin ya yi dabara: ya ciyar da tukunya, ya kuma tsare wa ɗan'uwansa masauki. Abin da ya ƙi tunawa, alhali ya fi kowa saninsa, shi ne garke ba ya rayuwa da gona ɗaya. A gonar Ɗanlarai ake kwana, amma a gonakin maƙwabta ake wuni. Su kuwa an share su tas.

Da ranin ya yi nisa Umar ya zo gidansu a Ɗan Iya, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya zauna a kan tabarma ya jingine sandarsa, suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Habibatu ta kawo masa fura ya sha kaɗan. Sai da aka yi hirar ruwa da ta lafiyar yara sannan ya ce, yana kallon ƙasa:

"Bana shanu suna tafiya mai nisa kafin su ƙoshi."

"Haka ne, Hamma. Bana rani ya yi tsanani."

"Ranin dai kamar na kullum ne. Farar nan taka ta zubar da ciki."

Jalo ya ce Allah ya mayar da alheri. Ya ce zai aika da buhun dusa. Umar ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa. Tsakanin Fulani wannan magana ce babba, an faɗi komai ba a ambaci kowa ba. Bayan ya fita Habibatu ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu.

"Baban Lailatu, kai fa ka ji abin da mutumin nan ya zo faɗa."

"Na ji. To me zan yi? In ban sayi karan ba wani zai saya."

"Wa ya san gonakin in ba kai ba?"

Jalo dai ya aika da dusar, har buhu biyu, ya kuma rage zuwa mashekari ran Juma'a, don idon matar Umar ya soma yi masa nauyi.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kaka ta gaba, ana gama yankan dawa, sai ga Malam Ɗanlarai da kansa a bakin sikeli, tsoho da shi, ya sha rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure. Jalo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba shi benci.

"Muktar, ni laifin me na yi wa kamfaninku? Gabas da ni an kai toka, yamma da ni an kai. Ni kaɗai aka tsallake kamar mai kuturta."

"Baba, ai gonarka masaukin Hamma ce. Tun zamanin iyaye."

"Na fi ka sani, ni na ga iyayen. Amma da can shanu suna wuni a waje su dawo mini da taki. Bara kuwa ba su da inda za su, suka cinye karana cikin 'yan kwanaki, suka juya kan lambun 'ya'yana. Har gaban mai unguwa aka je, abin da ba a taɓa yi ba tsakanin gidanmu da naku. 'Ya'yan nan sun ce bana ko ku ɗauka, ko su cinna masa wuta su huta. Ni na tsufa, ba ni da bakin hana su."

Jalo ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Lokacin ne babu. A makon nan buntu bai shigo ba, tsibin kara ya yi ƙasa, kuma tun safe Zakka ke leƙowa daga ɗakin tukunya yana nuna agogon tururi yana ihu.

"Jalo! Allura yana sauka! In ya ƙara sauka zan kashe inji ɗaya, kai za ka gaya wa Alhaji, ba ni ba!"

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jalo ya gaya wa kansa cewa in bai ɗauka ba ƙonawa za a yi, shanu dai ba za su samu ba. Gaskiya ne kuwa, sai dai gaskiyar ba ta sanyaya masa rai ba. Washegari ya tura mota biyu gonar Ɗanlarai. Bai bi su ba. Bai kuma aika wa Umar ba, don kunya ta hana shi. Ya yi ta cewa gobe zai kira shi, har garke ya gangaro.

Umar ya iso da shanu da iyali da jakuna ya tarar da gona fayau, sai tsibin toka nan da can. Waɗanda suka gani sun ce ya zaga gonar, ya je ya gaida Malam Ɗanlarai kamar yadda ya saba, ya kwana biyu a bakin rafi.

Rana ta uku da hantsi maigadi ya zo ya ce da Jalo yana da baƙo a waje. Ya fita ya ga Umar tsaye a bakin ƙofar kamfani, riƙe da igiya, ga shanu uku a bayansa: farar, da 'yarta, da wata tsohuwa mai karyayyen ƙaho. Motocin kara suna wucewa ta gefensu, shanun suna miƙa wuya suna bin su da hanci. Jalo ya san ma'anar abin tun kafin a buɗe baki. Ɗan'uwa ba ya ware maka shanunka daga garken gida sai in zama ya ƙare.

Suka gaisa, ba a rage komai daga gaisuwar ba. Sannan Umar ya miƙa masa igiyar.

"Za mu yi kudu, wajen Taraba. An ce akwai ciyawa."

"Hamma, ka tafi da su mana. Ai garke ɗaya ne."

"Hanya da nisa, kuma ban san abin da ke can ba. In sun mutu a hannuna me zan ce maka?" Ya dubi tsibin karan da ke cikin katanga, wanda ya fi rufin masallaci tsawo. "Kai ne mai kara yanzu. Wurinka ba za su ji yunwa ba."

Ba da gatse ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Jalo ciwo. Da zagi ne da ya rama, ko ya ba da haƙuri. Ya karɓi igiyar. Ya tambaya yaushe za su dawo, Umar ya ce in Allah ya so. Ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya juya. Shanun suka yunƙura za su bi shi, sai da maigadi ya taimaka aka riƙe su.

Gidan haya a Ɗan Iya ba wurin saniya ba ne. Alhaji Auwalu, da ya ji labari, ya ce a kafa musu turke a bayan katanga ƙarƙashin ɗorawa, su ci daga tsibi, ai ba za su rage shi da komai ba. Zakka ya jawo musu tiyo daga ruwan kamfani, yana ta mita wai yanzu an mayar da shi makiyayi. Kwanakin farko sun yi ta kuka suna fuskantar hanya. Daga baya suka saba.

Yau shekara ta uku ke nan. Tukunya ba ta taɓa mutuwa ba, kamfani ya ƙara ma'aikata, har wasu masu casar shinkafa na kusa suna jan lantarki daga wurin. Motocin Jalo suna kaiwa ƙauyukan da ko sunansu bai sani ba a da. Da rani, in ka tsaya a Inkil ka duba, ba ka ganin garke ko ɗaya. Umar yakan kira a waya da Sallah, su gaisa, ya ce shanu lafiya, Jalo ma ya ce nasa lafiya.

Lafiyar kuwa suna da ita. Duk yankin babu shanu masu ƙibarsu, har mahauta sun gaji da tayi. Sai dai tun da aka raba su da garke babu wadda ta haihu. Masu kiwon turke a gari sun sha yi masa tayin bijimi, har da wani mai jinin shanun Turawa, Jalo ya ƙi. Ya ce jinin gidansu ba a taɓa gauraya shi ba, bijimin Hamma yake jira. Tsohuwar ta daina cin kara sai an jiƙa mata dusa, farar ma haƙoranta sun soma lalacewa.

Kwanan baya Habibatu ta kawo masa abincin rana, ta same shi a gindin ɗorawa yana cire wa 'yar farar kaska. Ta ajiye kwanon ta daɗe tana kallonsu.

"Baban Lailatu, ko da Hamma ya dawo, a gonar wa zai sauka?"

Jalo ya ci gaba da abin da yake yi. Daga cikin katanga Zakka ya ƙwala masa kira, mota ta iso tana jiran awo. Ya goge hannunsa a jikin saniyar, ya tashi ya tafi sikeli.